Liyafar Karrama 'Yan Siyasa da Asusun Masu Kare Haƙƙin Mai Saye: Wa Ke Biyan Kuɗin Tebur?

Ranar wata Asabar bayan la'asar muka zauna a barandar wani shagon ɗinki a Tudun Wada, Zariya, mu tara, kan maganar kuɗi. Ƙungiyarmu 'yar ƙarama ce, aikinta bin kadin mai saye idan an cuce shi. Akwai magidancin da aka kawo wa bil ɗin wuta na kintace alhali layinsu ya yi mako uku a duhu. Akwai manomi daga wajen Giwa da ya sayi buhun taki, ya kwance bakinsa a gona ya tarar ƙasan buhun yashi ne. Akwai bazawarar da manhajar ba da bashi ta aika wa duk lambobin da ke wayarta saƙo cewa ta gudu da kuɗin mutane, har da surukan 'yarta. Koke-koke sun cika littafi. Ma'ajiyarmu ta buɗe ɗaya littafin, na asusu, ta ɗora a cinyarta ta karanta mana abin da ya rage, sai kowa ya yi shiru, domin ko kuɗin motar mutum biyu zuwa Kaduna su dawo ba zai kai sau uku ba.

Nan wani matashi a cikinmu, ɗalibin shari'a, ya kawo shawara. A kama babban ɗakin taro, a shirya liyafar cin abincin dare, a zaɓi 'yan siyasa uku ko huɗu masu ra'ayin talaka a ba su lambar yabo, a ƙaddamar da gidauniya a gabansu. Ya ce manyan ƙungiyoyi masu irin aikinmu a Amurka haka suke yi duk shekara, kuma ba wanda ya ce sun sayar da kansu.

Dattijon cikinmu, tsohon malamin firamare, ya cire tabarau ya dube shi ya ce: "Ɗana, idan gobe wanda muka rataya wa lambar nan ya zama shi za mu kai ƙara, wa zai ɗauki takardar a cikinmu?" Yaron ya sunkuyar da kai don ladabi, amma bai ja da baya ba. "Baba, in babu kuɗi ai ko takardar ba za mu iya bugawa ba."

Tun ranar maganar take cina, domin dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kuma ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. Shi ya sa nake son a warware ta dalla-dalla.

Ƙungiyar kare mai saye tana shan wahalar kuɗi fiye da yawancin ƙungiyoyin sa-kai, kuma da dalili. Wanda ke gina gidan marayu ko masallaci zai iya miƙa ƙoƙon bara ga kowa, ba wanda aikinsa zai taɓa. Ita kuwa wannan, abokin ƙararta shi ne mai kuɗin garin: kamfani, banki, babban dillali. Wanda take karewa kuma, cutar da aka yi masa 'yar kaɗan ce idan aka duba mutum ɗaya. Naira hamsin da aka cire a asusunka ba bayani, data da ta ƙare kafin lokacinta, mudun da aka buga wa gindi ya loɓa ciki. Ba mai ɗaukar lauya kan naira hamsin. Amma tara hamsin-hamsin ta mutum miliyan ɗaya, naira miliyan hamsin ke nan ta shiga aljihu ɗaya, kuma mai wannan aljihun yana da dalilin ɗaukar lauyoyi goma. Waɗanda aka cuta suna da yawa amma a warwatse suke, wanda ya ci riba shi kaɗai ne amma a shirye yake. Aikin ƙungiya shi ne ta tattara warwatsattsun, kuma tattarawar ita ke cin kuɗi: lauya, gwajin kaya, mota, bugun takarda, sayen lokaci a rediyo.

Sai abu na biyu, wanda shi ya sa 'yan siyasa suka shigo cikin lissafin tun asali. Haƙƙin mai saye ba ya tsayuwa da wa'azi kaɗai, sai da doka, doka kuwa majalisa ke yi, shugaba ya sa hannu. A ranar 15 ga Maris, 1962, shugaban Amurka John Kennedy ya aika wa majalisar ƙasarsu saƙo ya lissafa haƙƙoƙi huɗu na mai saye: kada a sayar masa da abin da zai cutar da shi, a gaya masa gaskiyar abin da yake saye, a bar masa zaɓi, kuma a saurari kukansa. Daga nan aka samo ranar kare haƙƙin mai saye ta duniya, wadda ake yi duk 15 ga Maris tun 1983, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a 1985.

Tsakanin waɗannan shekaru aka yi labarin da kowace ƙungiya irin tamu ya kamata ta sani. Wani matashin lauya, Ralph Nader, ya yi rubutu a 1965 yana tona yadda kamfanonin mota suke fifita ado da riba a kan ran mai tuƙi. Kamfanin General Motors ya sa aka riƙa bin sawunsa ana neman abin da za a ɓata masa suna da shi. Asiri ya tonu, har shugaban kamfanin ya nemi afuwa a gaban kwamitin majalisar dattawa a 1966, kuma a shekarar aka yi dokar kiyaye lafiyar motoci. Nader ya kai kamfanin kotu, aka yi sulhu a 1970 aka biya shi dala dubu 425, ya zuba kuɗin cikin aikin. A 1971 ya kafa ƙungiyar Public Citizen. A lura da yadda abin ya tafi: ɗan gwagwarmaya ya tona, amma sanatoci ne suka kira shugaban kamfanin gabansu, su ne suka kaɗa ƙuri'a. Haka aka sake yi bayan rikicin bankuna na 2008. Elizabeth Warren, tana malamar shari'a a jami'ar Harvard, ta ba da shawara tun 2007 a kafa hukumar da za ta kare masu karɓar bashi da masu ajiya a banki. Dokar da shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta kafa hukumar, ita kuma hukumar ta ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 100 a 2016 saboda buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. Ita Warren ɗin ta zama sanata bayan zaɓen 2012.

Mu ma nan gida haka zancen yake. Dokar soja ta 1992 ce ta fara kafa majalisar kare mai saye ta ƙasa. Dokar 2018, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta maye gurbinta da hukumar FCCPC mai ƙarfin bincike da cin tara. Wannan hukuma ce ta kai samame ofisoshin wasu manhajojin ba da bashi a Legas a watan Maris na 2022, ita ce kuma ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake yi da bayanan 'yan Najeriya. Mutanen Zariya kuma ba sai an tuna mana abin da rashin sa ido ke jawowa ba. A ƙarshen 2008 aka riƙa kai jarirai asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello ƙodarsu ta daina aiki, bayan an ba su maganin haƙori na My Pikin wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata. Gwamnati ta ce yara 84 suka rasu a faɗin ƙasar, kotu kuma ta ɗaure ma'aikata biyu na kamfanin da ya haɗa maganin a 2013. Duk wanda ya taɓa ganin uwa zaune a barandar asibiti da goyon da ba ya fitsari ba zai ce kare mai saye aikin 'yan boko ne marasa abin yi ba.

To idan ɗan majalisa ya tsaya tsayin daka aka yi doka mai kyau, ko gwamna ya sa hukuma ta yi aikinta duk da matsin masu kuɗi, laifi ne a ce masa an gode a bainar jama'a? A ganina ba laifi ba ne. Yabon gwani ya zama dole, kuma ɗan siyasa da bai taɓa jin godiya daga talaka ba, sai daga ɗan kwangila, ka san inda kunnensa zai karkata. A nan ɗalibinmu ya yi gaskiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda liyafar take tara kuɗi. A Amurka abin tsararren ciniki ne. Ana sayar da kujera ɗaiɗai, amma ainihin kuɗin a tebur yake. Ofishin lauyoyi, ko ƙungiyar ƙwadago, ko wani attajiri zai sayi tebur guda ya cika shi da baƙinsa, a buga sunansa a ɗan littafin taro. Tebur na kusa da mumbari ya fi tsada. Abincin ba shi ake saye ba. Ana sayen a gan ka a ɗakin, a ga kana gaisawa da sanata, a ɗauki hoto. Ke nan wanda ake karramawa shi ne ke cika ɗakin, kuma kwamitin da ke zaɓensa yana tsakanin tambayoyi biyu: wa ya fi cancanta, wa kuma zai fi kawo masu sayen tebur? Idan amsoshin sun zo ɗaya, madalla. Ranar da suka rabu ake gane ƙungiya. Har ƙungiyoyi masu ƙin kuɗin kamfanoni ba su tsira daga tambaya ba, domin masu sukarsu kan ce lauyoyin da ke ƙarar kamfanoni a madadin masu saye suna daga cikin masu sayen teburan, kuma su ma suna da nasu amfanin a cikin dokokin da ƙungiyar ke nema.

Sai dai can sun gina wa abin shinge, kuma ɗalibinmu bai ambaci shingen ba. Tun 1954 dokar harajinsu ta hana ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa. Lyndon Johnson ne ya kawo gyaran lokacin yana sanata. Ƙungiya za ta iya yaba wa mai muƙami kan aikin da ya yi, amma in liyafar ta rikiɗe ta zama gangamin zaɓe, yafewar harajin nata na cikin haɗari. Wanda ya sayi kujera ma ba zai cire dukkan kuɗin daga harajinsa ba, sai abin da ya haura darajar abincin da ya ci, kuma dole ƙungiyar ta rubuta masa hakan in kuɗin ya wuce dala 75. Bayan doka akwai shingen da ƙungiyoyin suka yi wa kansu. Public Citizen ba ta karɓar kuɗin kamfani, ba ta karɓar na gwamnati. Consumer Reports, wadda aka kafa a 1936, ba ta buga talla a mujallarta, kuma kayan da take gwadawa da kuɗinta take saye a kanti kamar kowa, ba ta yarda kamfani ya aiko mata kyauta. Masu karanta ta ne ke riƙe da ita. Abu mafi muhimmanci kuma, a irin waɗannan liyafofi ba wanda ake karramawa ake jira ya ciro kuɗi ba. Ya zo ya yi jawabi, ya karɓi lambarsa, ya tafi.

A nan ne tsarinmu ya juya abin kai a ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙaddamar da gidauniya a Zariya ko Kaduna ya san yadda yake tafiya. Katin gayyata yana ɗauke da uban taro, babban baƙo na musamman, babban mai ƙaddamarwa, da mataimakan mai ƙaddamarwa, kuma ba a sa sunan kowa a nan don iliminsa kan haƙƙin mai saye. An ce ƙarfe takwas, mai girma zai iso sha ɗaya saura, da 'yan rakiya da maroƙa. Mai gabatarwa zai yi masa kirari, a miƙa masa lambar, sannan a miƙa masa lasifika kowa ya kasa kunne don jin adadi. Ya faɗi miliyoyi, a yi tafi, a yi guɗa. Wani lokaci ya ce a madadin gwamnati, wanda ke nufin kuɗin jama'a ne za a bayar da baki a wurin biki. Washegari sakataren ƙungiya ya fara zirga-zirgar bin alƙawari, daga ofis zuwa gida, daga mai taimaka masa zuwa mai taimaka wa mai taimaka masa. Wannan zirga-zirgar ita ce ta fi ba ni tsoro, fiye da liyafar kanta. Watannin da ƙungiya take jiran cika alƙawari, watanni ne da bakinta ke rufe. Ba za ka rubuta takardar koke kan hukumar da ke ƙarƙashin mutum ba alhali kana zaune a benci a ƙofar ofishinsa kana jiran cakinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa tun ladan bai shigo hannu ba za mu fara askin.

Ga lissafi na misali, kowa ya sa nasa adadin. Mu ƙaddara an gayyaci mutum 200, abincin kowa naira dubu biyar, miliyan ɗaya ke nan. Ƙara kuɗin ɗakin taro, janareta da mansa, lasifika, kati, lambobin yabo, mai ɗaukar hoto, kuɗin motar 'yan jarida. A ce duka miliyan biyu. A ce an yi shelar miliyan goma a daren, uku suka shigo hannu. Riba miliyan ɗaya, bayan wata uku ana wahala, da bashin kunya a wuya. Yanzu a ɗauki mutum 500, kowa ya riƙa ba da naira 500 a wata. Dubu 250 ke nan duk wata, miliyan uku a shekara, kuma ba ɗaya daga cikinsu da zai iya ɗaga waya ya ce a janye ƙara. Na san tara mutum 500 su riƙa biya ba fashi, a wannan tsadar rayuwa, ya fi kama ɗakin taro wuya nesa ba kusa ba. Amma matan unguwa suna riƙe adashe shekara da shekaru ba takarda ba lauya, don haka ba zan yarda a ce mutanenmu ba su iya karo-karo ba. Abin da suke nema su gani shi ne inda kuɗin ya tafi.

Akwai kuma doka a nan gida da mutane ba su cika dubawa ba. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ban da jam'iyyar siyasa, ba ƙungiyar da aka yarda ta nema wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a yaƙin neman zaɓensa. Ƙungiya mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba hukumar ikon dakatar da amintattunta idan aka samu almundahana ko rashin iya riƙo. Liyafar da aka yi ana gab da zaɓe, aka cika ɗaki da masu huluna iri ɗaya, mai gabatarwa yana kiran "sai ka yi", ta riga ta taka layi ko da masu shirya ta ba su nufa ba. Ɗan siyasa ya san abin da ya zo nema: hotonsa riƙe da lambar "mai kare talaka", wanda zai hau fosta kafin mako ya zagayo.

Ita kalmar "mai ra'ayin ci gaba" ko "ɗan kawo sauyi" ma tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan Zariya tana da nauyin da ba ta da shi a wani wuri. A Amurka ana nufin masu son gwamnati ta taka wa manyan kamfanoni burki, ta kare ma'aikaci da mai saye, kuma yau yawancinsu suna jam'iyyar Democrat. Amma ko can kare mai saye bai taɓa zama gadon jam'iyya ɗaya ba. Theodore Roosevelt da ya sa hannu a dokar tsaftar abinci da magani ta 1906 ɗan Republican ne, haka Richard Nixon da ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar kayan masarufi ta 1972. A wajenmu kuwa kalmar tana tuna mana jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da Malam Aminu Kano, da Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Gari wadda aka ɗaure sau da dama saboda siyasar talakawa, yau ga asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan. Tana tuna mana jam'iyyar PRP, da Alhaji Balarabe Musa wanda ya zama gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a 1979, majalisa ta ƙi amince masa da kwamishinoni har ta tsige shi a Yunin 1981, da Dakta Yusufu Bala Usman na Samaru da ya yi masa sakataren gwamnati. Sannan ga shi tun 2013 kalmar tana cikin sunan jam'iyyar APC. Ke nan in ka buga kati ka ce za a karrama "shugabanni masu ra'ayin ci gaba", dattijo a Sabon Gari zai ji sawaba, matashi a Kwangila zai ji sunan jam'iyya, ɗan adawa kuma zai ce ƙungiyar ta zaɓi ɓangare. Manomin da aka sayar wa yashi ba a tambaye shi katin jam'iyya ba kafin a cuce shi, kuma gobe ƙungiyar za ta buƙaci ƙuri'ar 'yan majalisa na kowane ɓangare.

Abin da nake ɗauka daga tarihin su Balarabe shi ne ma'auni. Ba a tuna gwamnatocin PRP na Kaduna da Kano don sun kira kansu 'yan ci gaba. Ana tuna su don sun soke haraji da jangali, abin da talaka ya ji a jikinsa, ya daina gudu daji in ya hango dogarai. Lambar yabo daga ƙungiyar mai saye haka ya kamata ta kasance: a kan aiki guda, wanda aka riga aka gama, wanda kowa zai iya zuwa ya duba. Wane ne ya kai ƙudiri kaza majalisa ya bi shi har ya zama doka. Wance ce ta sa aka raba mita a unguwa kaza aka daina kintace. A rubuta dalilin a jikin lambar, a karanta shi a ɗaki. Idan kwamiti ya zauna ya kasa rubuta wannan jimla ɗaya game da mutum, to ba shi da abin da za a karrama shi a kai, komai daɗin jawabinsa a rediyo.

Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan fage, kuma ina jin takaici idan ana maganar kare mai saye kamar wani abu ne da aka yi mana safararsa daga Turai. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Shi ne kuma, da wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuwa kyauta aka yi mini, ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Wannan hadisi kan ma'aikacin hukuma yake, amma duk wanda aka ɗora wa amanar sa ido ya auna kansa da shi. Da ba don ƙungiyarmu tana iya kai ƙara ba, wannan dillali ko wancan mai muƙami zai ba mu miliyan?

Ban ce a bar liyafa ba, kuma a zama na biyu haka na gaya wa 'yan kwamiti. Ba za mu iya jiran kuɗin ƙasashen waje ba, musamman tunda gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta mai ba da tallafi ga ƙasashen waje, a 2025, ƙungiyoyi da yawa suka wayi gari ba tallafi. Taro a fili kuma yana da amfanin da ya wuce kuɗi: jama'a su san da mu, masu muƙami su san akwai masu lura. Abin da na roƙa shi ne a raba lambar da gidauniyar. Wanda za a karrama kada a karɓi ko sisinsa, a daren ko bayan daren, kuma a faɗa masa haka tun a takardar gayyata, don shi ma a kare mutuncinsa. Kada a karɓi kuɗin duk wanda sunansa ke cikin littafin koke ko zai iya shiga, ko kamfanin wuta ne, ko banki, ko dillalin taki. A sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa, yadda in ya yi fushi ya janye ƙungiyar ba za ta durƙushe ba. A guji kakar zaɓe. Kuma bayan mako biyu a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar shagon nan, a karanta shi a rediyo.

Ma'ajiyarmu ta ƙara abin da ban yi tunaninsa ba. Ta ce: "Malam, me ya sa sai mai muƙami? Akwai mai awo a kasuwar Sabon Gari da duk matan layinmu suka san mudunsa cikakke ne shekara da shekaru. In za a tsayar da ɗan majalisa a gaba, a tsayar da shi kusa da shi." Dattijon ya gyaɗa kai. Ɗalibin ya yi gardamar cewa ɗakin ba zai cika ba in manya suka ji ba za a kira su su faɗi adadi ba, kuma mai yiwuwa ya yi gaskiya. Aka rage girman ɗakin, aka koma walimar rana a harabar wata makaranta, shinkafa da zoɓo.

Aikin da ke jira ba ya buƙatar miliyan goma kafin a fara. A Afrilun 2024 da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta ƙara kuɗin wuta zuwa naira 225 kan kowane yunit ga masu rukunin A, sharaɗin da ta gindaya shi ne su riƙa samun wuta awa ashirin a rana. Wa ke ƙirga awannin? Littafi ɗaya da biro a kowane layi, a rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, wata guda cur, shi ne hujjar da za a kai sashen koke na kamfani, in bai saurara ba a wuce dandalin sauraren koke na hukumar. Taki ma yana da dokar kula da ingancinsa tun 2019, amma sai an gwada samfur an samu takarda kafin a tsaya gaban kowa. Mutum arba'in da ɗaya suka rubuta suna a takardar karo-karo a wannan zama da kwanakin da suka biyo baya. Buhun manomin Giwa yana nan a kusurwar shagon, bayan keken ɗinki, an ɗaure bakinsa da tsumma, kuma an yanke cewa kuɗin watan farko a kansa za a fara: a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a Samaru.